Ranar da Muka Hana Kwamfuta Kawaici

Duk ɗalibin sashen Hausa da ya taɓa kai aikinsa shagon buga takardu ya san irin wulaƙancin da baƙaƙen nan uku masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, suke sha a hannun kwamfuta. Ka rubuta ƙafa a miƙo maka kafa, ka rubuta ɓata a miƙo maka bata, ko kuma ka ga wani ɗan akwati ya zauna daram a gurbin harafin. Mun saba da wannan, har ta kai mukan ɗauki biro mu bi takarda muna lanƙwasa baƙaƙen da hannu. To, wannan kuskure mai sauƙi ne, domin ido yana ganinsa. Wanda nake so in ba mai karatu labarinsa shi ne wanda kwamfuta ta gani da idonta, amma aka umarce ta da ta yi shiru.

Ni mutumin Mubi ne ta jihar Adamawa, kuma ba da Hausa na buɗi baki ba. A gidanmu Guɗe ake yi, a unguwa a gauraya da Fillanci, Hausa kuwa a kasuwa da makarantar firamare na tsince ta, kamar yadda 'ya'yan Fali da Margi da Kamwe suka tsince ta. Wannan ne ya sa da lokacin rubuta kundin kammala digiri ya zo, na zaɓi in duba yadda 'yan kasuwar Mubi ke furta baƙaƙe masu lanƙwasa. Fillanci yana da ɓ da ɗ, amma ba shi da ƙ, saboda haka na yi hasashen cewa ƙ ce za ta fi jin jiki a bakin mutanenmu. A hutun ƙarshen shekarar 2023 na yi ta zirga-zirga tsakanin babbar kasuwa da kasuwar shanu, inda fatake daga Kamaru da Chadi suke haɗuwa da namu, har na tara kalmomi 740, kowace da yadda na ji an furta ta.

Wani abokina da muka yi sakandare tare, wanda ya karanci ilimin kwamfuta, ya ce in kawo ya rubuta mini 'yar manhaja da harshen C, wadda za ta cire kalmomin da aka maimaita, sannan ta ba ni jimlar kowane baƙi. Na san wani zai ce me ya hana mu amfani da Excel. Gaskiya ce, amma abokina yana neman abin da zai wasa hannunsa da shi, ni kuma ina neman na kyauta. Da jimlar ta fito sai na ga kalmomi masu ƙ da ɗ sun gaza abin da ke cikin littafina, alhali na sauran baƙaƙe sun yi daidai. Ya ce shi fa ya gwada manhajarsa, lafiyarta ƙalau. Na tambaye shi da waɗanne kalmomi ya gwada ta. Ya ce gida, ruwa, kasuwa, tumatir. Allon madannansa ba shi da baƙi mai lanƙwasa ko ɗaya, don haka ya gwada ta da abin da yatsunsa suka samu.

A nan ne na fara sanin abin da ake kira GDB. Manhaja ce ta farautar kuskure a cikin wasu manhajoji, wadda Richard Stallman ya fara rubutawa a Amurka a 1986. Aikinta ya yi kama da shingen bincike irin wanda matafiyi kan tarar a hanyar Mubi zuwa Yola: kai ne za ka nuna mata layin da za ta kafa shinge, idan manhajarka ta iso wurin sai ta tsayar da ita, ka buɗe kayanta ka ga abin da ta ɗauko. Amma tsayar da kalmomi 740 ɗaya bayan ɗaya da hannu aiki ne na wuni guda. Shi ya sa tun daga fitowar GDB 7.0 a 2009 aka dasa mata harshen Python a ciki, yadda mutum zai rubuta ɗan gajeren umarni ya ɗora shi a kan shingen, ya riƙa binciken a madadinsa. Abokina ya samo irin wannan rubutun umarni a intanet, ya gyaggyara shi, muka sake shi. Bayan 'yan daƙiƙoƙi ya kawo rahoto: kalmomi 740, matsala 0.

"Ka gani ko, Malamin Hausa?" in ji shi. "Lissafinka za ka sake dubawa."

Na ce masa, "Injiniya, karanta mini abin da ka rubuta ɗin nan layi-layi, ka fassara mini kamar kana yi wa kakarka bayani."

Da muka iso tsakiya sai ga wurare biyu da suka tsaya mini a rai. Na farko, a inda rubutun ke karanto kalma daga ma'ajiyar kwamfuta, an sa masa kalmar ignore, ma'ana idan ya ci karo da abin da ba ya karantuwa ya tsallake shi. Na biyu, an kewaye aikin gaba ɗaya da abin da masu Python ke kira try da except, wato "gwada, idan ta ƙi ga abin da za ka yi", kuma abin da aka ce ya yi shi ne pass, wato ya wuce abinsa. Ashe mai gadin da muka ɗora a shingen an riga an gaya masa cewa ko me ya gani kada ya ɗaga murya. Rahoton matsala 0 ba ya nufin babu matsala, yana nufin babu wadda aka bari ta iso kunnenmu.

Wannan hali na san shi tun kafin in san kwamfuta. A Mubi da yawanmu ba mu cika rarrabe namiji da mace a Hausarmu ba, mutum zai ce "yarinya ya zo" a tsakiyar kasuwa babu wanda zai ɗaga kai. Idan Bakano ko Bakatsine ya ji, yawanci sai ya yi murmushi ya amsa maka, ba zai gyara ba, domin kawaici da kara suna cikin tarbiyyarsa. Halin kirki ne, kuma da shi baƙo yake samun sakewa har harshensa ya warware. Sai dai malamin nahawu da ya shigo aji da irin wannan kawaicin ya cuci ɗalibansa, domin gyaran shi ne aikin da aka ɗauke shi ya yi. Manhajar farautar kuskure kuwa malamar nahawu ce, ba maƙwabciya ba.

Muka cire ignore, muka cire pass, muka sake sakinsa. Bai yi nisa ba ya tsaya cak, ya zubo jan kunne mai suna UnicodeDecodeError, kuma kalmar da ya tsaya a kanta ita ce haƙƙi. Bari in ɗan tsaya a nan, domin nan ne gindin maganar. Kwamfuta tana ajiye rubutu ne a cikin ƙananan gurabe da ake kira bayit. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, kuma wanda mafi yawan rubutun intanet ke bi a yau, baƙaƙe irin su a da b da k kowanne bayit 1 yake ci, amma ɓ da ɗ da ƙ kowanne bayit 2. Manhajar abokina tana ƙirga haruffan kalma, sai ta ware gurabe daidai da yawansu ta kwafe kalmar a ciki domin kwatantawa. Haƙƙi haruffa 5 ce, amma bayit 7 take bukata. Gurabe 5 sun ɗauki h da a da ƙ ta farko, sannan suka raba ƙ ta biyu gida biyu. Rabin harafi ba ya karantuwa, shi ne Python ya yi ihu.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne kalmomin da ba su jawo ihu ba. Ɗauki baƙi: haruffa 4, bayit 5. Gurabe 4 sun ɗauki b da a da ƙ cif, wasalin ƙarshe ya faɗi, aka bar baƙ. A wurin kwamfuta wannan rubutu ne lafiyayye. To amma baƙo ma baƙ ya koma, baƙa ma haka, sai manhajar ta ɗauka kalma ɗaya na maimaita sau 3, ta zubar da 2. Makaɗi da makaɗa suka zama abu ɗaya, ɗanɗano da ɗanɗana suka haɗe a ɗanɗa. Duk wanda ya zauna ajin ginin kalma ya san cewa a wutsiyar kalma Hausa take ajiye dukiyarta: jinsi da adadi da ajin aikatau galibi a wasalin ƙarshe suke bayyana. Kuskuren ya sari harshen ne daidai inda ya fi masa ciwo, kuma a kan baƙaƙen da kundina ya dogara da su kaɗai. Da jimlar nan ta shiga babi na huɗu, da na tsaya gaban malamai ina kāre alƙaluman da babu su a kasuwar Mubi.

Gyaran manhajar bai ɗauki minti 10 ba. Gyaran mai gadin ne ya ci mana yamma guda. GDB ta tanadi sunaye daban-daban ga matsaloli daban-daban: akwai gdb.MemoryError idan an nemi karanta wurin da ba ya karantuwa a ma'ajiya, akwai gdb.error ga sauran matsalolinta, akwai kuma gdb.GdbError wanda mai rubutu ke amfani da shi ya isar da gajeren saƙo ga mai aiki ba tare da dogon tarihin inda aka faɗi ba. Abokina ya ware kowace da matakinta. Idan ma'ajiya ta ƙi karantuwa, a rubuta lambar layin a ci gaba, amma a ƙirga ta cikin matsaloli. Idan harafi ya rabu biyu, a tsaya a nuna bayit ɗin. Duk abin da ba mu yi tsammani ba kuwa, a bar shi ya fashe a gabanmu, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Har sabon umarni ya ƙirƙira a cikin GDB ya raɗa masa suna duba, idan ka kira shi ba ka ba shi kalma ba sai ya amsa da Hausa: "Wace kalma zan duba?" Wannan ya burge ni fiye da yadda ya kamata.

Sai dai duk wannan ba zai kama baƙ ba, tunda kwamfuta ba ta ganin aibinsa. Abin da ke kama irinsa shi ne gwaji, wato ka ba manhaja tambayar da ka riga ka san amsarta, ka ga ko za ta faɗi daidai. Su kansu masu kula da GDB haka suke yi, suna da tarin gwaje-gwaje da ake gudanarwa da wata manhaja mai suna DejaGnu, kuma akwai sashe guda a cikinsu da aka keɓe wa Python kaɗai. A nan ne aiki ya dawo hannuna, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abokina ya san C, amma bai san waɗanne kalmomi ne za su iya karya ta ba. Na zauna na tsamo kalmomi 30. Na sa masu lanƙwasa a farko irin su ƙasa, da masu ita a tsakiya, da masu ruɓi biyu irin su haƙƙi da daɗaɗɗe, da tagwayen da wasali ɗaya ya raba. Na sa 'ya'ya sau biyu, ɗaya da miƙaƙƙiyar alamar ɗauri, ɗaya da lanƙwasasshiyar da Microsoft Word ke sakawa da kanta, wadda take cin bayit 3.

Na kuma sa }asa da ]aya. Ɗaliban da suka taɓa kwafo rubutu daga tsofaffin kundaye za su gane su. Kafin Unicode ya wadata, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar da salon haruffan Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka ɗora baƙaƙenmu a kan madannan baka da makamantansu, kuma sun yi wa rubutun Hausa hidima ƙwarai a zamaninsu. Amma idan aka buɗe irin wannan rubutu a kwamfutar da ba ta da salon, ƙ takan koma } ita kuma ɗ ta koma ]. Babu wata manhaja da za ta yi ƙorafi a kan wannan da kanta, sai an gaya mata cewa babu kalmar Hausa da ke farawa da baka.

Daga ƙarshe muka gwada shi kansa mai gadin. Abokina ya mayar da tsohon kuskuren cikin manhajar da gangan, don mu ga ko za a kama shi. Aka kama shi a kalma ta farko, ƙasa, wadda ta fito a matsayin ƙas. Ya sake gyarawa, duka 30 suka wuce, sannan muka saki 740 ɗin, jimlar ƙ da ɗ da ɓ ta yi daidai da ta littafina. Jerin kalmomin nan 30 yana wurin sakataren ƙungiyar ɗaliban Hausa, ga duk wanda wani injiniya ya yi wa alkawarin manhaja.