Neman Koci: Damuwar Munich Daban, Ta Suleja Daban

Wata uku cur Bayern Munich ta yi tana neman koci a 2024, kuma duk mazaunin Jamus a lokacin, ko ƙwallo bai dame shi ba, sai da maganar ta shiga kunnensa. A Fabrairu aka sanar cewa Thomas Tuchel zai tafi ƙarshen kaka. Aka sa rai da Xabi Alonso, ya ce yana nan daram a Leverkusen. Aka koma kan Julian Nagelsmann, ya sabunta kwantiraginsa da tawagar ƙasa. Ralf Rangnick, wanda ake ganin magana ta ƙare, ya zaɓi ci gaba da horar da Ostiriya. Hankalin magoya baya ya tashi, har dubbai suka sa hannu a takardar roƙon a bar Tuchel. Sai ƙarshen Mayu aka ɗauko Vincent Kompany, wanda Burnley ta faɗa rukunin 'yan dagaji a hannunsa a Ingila.

Irin tambayoyin da ake yi su suka ja hankalina. Wane salon wasa zai kawo? Zai iya riƙe manyan 'yan wasa? Yaya zai yi da yaran da ke tasowa? Kuma kowa ya san wanda zai kama in abin ya lalace: Max Eberl, jami'in da aka ɗora wa sha'anin wasanni, wanda yake fitowa gaban 'yan jarida yana amsawa. Ban ji wanda ya tambaya ko za a biya sabon kocin albashinsa ba.

A gida, wannan ita ce tambayar farko. Duk wanda ya taɓa zama gidan kallo a Suleja ya san yadda hira take in aka ce kulob ɗinmu na neman koci: "Yaron wa ne? Wa ya kawo shi? An ma biya na baya haƙƙinsa?" Masu wannan tambaya ba rashin sanin ƙwallo ke damunsu ba. Matashin da zai zayyana maka dalilin da ya sa tsarin Arteta ke aiki a Arsenal, shi ne dai zai ɗaga kafaɗa in ka kawo zancen Niger Tornadoes. Ya san salon wasa ba shi ke yanke hukunci a nan ba.

Tornadoes ta gwamnatin Jihar Neja ce, kamar yadda Pillars take ta gwamnatin Kano, Katsina United ta gwamnatin Katsina. Gwamnati ke naɗa shugabannin kulob, su kuma su nemo koci, kuɗi kuma sai an saki daga baitulmali. In gwamnati ta sauya, sau da yawa shugabanci ya sauya, wanda aka tarar kuma ya fara haɗa kayansa. Mai goyon baya ba shi da ƙuri'a, ba shi da taro, ba shi da wanda zai tsare da tambaya. Sai a wayi gari ya ji a rediyo an dakatar da koci, ko an ba shi wa'adin wasa uku ya gyara. Ga ɗan Suleja ma abin ya fi nisa: filin Tornadoes, wato Bako Kontagora, yana Minna, hanyar kuwa kowa ya san halinta, alhali Abuja na nan bayan Dutsen Zuma.

Kuma ba kulob ne marar tarihi ba, abin da ke ƙara min ciwo ke nan. Tornadoes ta ci Kofin Ƙalubale a 2000 bayan ta doke Rangers ta Inugu. Ta kai wasan ƙarshe a 2017, Akwa United ta yi galaba a bugun fenariti. Ta sake kaiwa a 2019 a Kaduna, Kano Pillars ta ɗauke kofin, shi ma da fenariti, a shekarar da Tornadoes ta faɗo daga babbar gasa.

Kada a ɗauka magoya baya ke zaɓen koci a Jamus. Ba su ba ne. Abin da suke da shi ya fi haka amfani. Tun 1998 akwai dokar da ake kira 50+1, wadda ta ce rinjayen ƙuri'u dole ya kasance hannun ƙungiyar mambobi, in ban da tsiraru irin Leverkusen da Wolfsburg da kamfanoni suka raina. Bayern tana da mambobi sama da 300,000 masu biyan kuɗin shekara, kuma kashi 75 cikin ɗari na kamfanin ƙwallon nasu ne. Su ke zaɓen shugaba. A taron shekara na Nuwamba 2021 sun yi wa shugabansu Herbert Hainer ca saboda yarjejeniyar talla da kamfanin jiragen Katar, kuma a 2023 yarjejeniyar ta ƙare ba a sabunta ba. Wanda yake da zauren da zai yi magana a saurare shi, ba ya bukatar jifa. Ina ganin wani ɓangare na rikicin filayenmu, da tare motar 'yan wasa, da zagin koci har gida, daga nan ya samo asali. Wannan ba uzuri ba ne ga mai jifa, amma ruwan da aka toshe wa magudana dole ya fasa katanga.

Freiburg ta fi burge ni a kan Bayern. Christian Streich ya karɓi kulob ɗin a ƙarshen 2011, ya faɗi da shi a 2015, ba a kore shi ba, ya dawo da shi shekara ta gaba, ya zauna har 2024. Da ya ce ya gaji, cikin 'yan kwanaki aka sanar da magajinsa, Julian Schuster, tsohon kyaftin ɗinsu da ya daɗe cikin masu horarwa na gidan.

A 2024 ɗin ne Najeriya ma ta yi nata neman kocin. Jose Peseiro ya tafi bayan Super Eagles ta sha kashi a wasan ƙarshe na Kofin Afirka. Finidi George ya karɓa a Afrilu, ya ajiye a Yuni. A Agusta hukumar ƙwallon ƙasa ta sanar da Bajamushe Bruno Labbadia, kafin mako ya zagayo magana ta wargaje a kan batun haraji. Sai Janairun 2025 aka samu Eric Chelle, ana tsakiyar neman gurbin Kofin Duniya. Sanar da koci kafin ya sa hannu abu ne da ke zubar da mutuncin aikin, ya kuma koya wa mai goyon baya kada ya yarda da sanarwa.

Ba na cewa gwamnati ta cire hannu gobe. Kuɗin ƙofa bai isa ya sayi man motar zuwa Uyo ko Aba a kaka guda ba. Amma ba a bukatar kuɗi kafin a faɗi wanda ya zaɓi koci, da tsawon kwantiraginsa, da abin da aka ɗora masa, sannan a yi wa magoya baya rajista daga Bida zuwa Suleja, a zauna da su sau ɗaya a shekara. Misalin haƙuri da koci ma yana nan cikin gida. Remo Stars, kulob ɗin Kunle Soname da ke Ikenne, tare da Tornadoes suka faɗo a 2019, tare suka dawo a 2021. Remo ta riƙe Daniel Ogunmodede kaka bayan kaka, ta zo ta biyu sau biyu, a 2025 ta ɗauki kofin gasar.