Abin da Jinin Baba Ya Daɗe Yana Faɗa

Shekara biyu Baba ya yi yana kukan ciwon baya. Muka ce sanyin ƙashi ne, muka ce tsufa ne. Aka sha jiƙe-jiƙe, aka yi ƙaho, aka shafa man zafi. Sai ranar da ya sunkuya ɗaukar buta haƙarƙarinsa ya karye, sannan muka kai shi babban asibiti.

Likitar ta nemi jininsa da fitsarinsa. Da sakamako ya fito, ta zaunar da ni ta yi mini bayani. A cikin ɓargo akwai ƙwayoyin da aikinsu shi ne ƙera furotin na garkuwar jiki, iri-iri, kowane da cutar da yake yaƙa. Idan ƙwaya ɗaya ta rikiɗe ta zama sankara, sai ta yi ta hayayyafa, zuriyarta duka suna ƙera iri ɗaya tal wanda ba ya kare kowa. Ya taru a jini, gutsattsarinsa kuma su bi fitsari, suna lalata ƙoda a kan hanya. Wannan ita ce mayeloma, sankarar ɓargo mai cin ƙashi. Gutsattsarin nan sunan Henry Bence Jones suke ɗauke da shi, likitan Landan da ya bayyana su a 1847. Abin ya tsaya mini a rai: shaidar da aka sani tun kafin a haifi kakan Baba, mu ba mu taɓa jin labarinta ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne furotin ɗin yakan bayyana a jini shekaru kafin ciwo. Ganinsa dai ba hukunci ba ne, domin cikin masu ɗauke da shi ba tare da ciwo ba, kusan ɗaya cikin 100 ne ke kamuwa a shekara. Amma da an gan shi, da an sa ido a kan ƙodar Baba tun tana da sauran ƙarfi.

Ya rayu wata 14 bayan nan. Allah ya jiƙansa.

Likitar ta ce haɗarin ya fi yawa ga baƙar fata, da kuma ’ya’yan wanda ya yi cutar. Na daɗe ina jan ƙafa. Bana, da na cika 45, na je na miƙa hannuna aka ɗebi jini. An ce in dawo ranar Talata.