Ƙyauren Kyamara Da Ladan Gyara

Ni mai hoto ne, tsakanin Sabon Birni da Isa na yi yawancin sana'ata. Abin da nake so in yi magana a kansa wani ɗan ƙyaure ne da ke cikin kyamara, wanda mutane ba su ganinsa, sai dai su ji ƙararsa. In ka danna, sai ya buɗe haske ya shiga, ya sake rufewa kafin ƙiftawar ido. Iyakar aikinsa ke nan, amma a kansa hoto ke gyaruwa ko ya ɓaci.

Ga dalili. Ran hawan salla, sa'ad da dawakin Sarkin Gobir suka taso a sukwane, ana bukatar ƙyaure mai tsananin sauri, in ba haka ba ƙafafun doki su fito kamar hayaƙi. Amma a cikin zaure, wurin ɗaurin aure, haske kaɗan ne, tilas ƙyauren ya daɗe a buɗe. To, a nan ne in ya girgiza kyamarar ko da ƙanƙane, sai fuskar liman ta fito dishi-dishi. Ga kuma ƙara, wadda takan sa dattawa su waiwayo, su ɗaure fuska, hoton ya tashi daga na mutane ya koma na gumaka.

Akwai wani kamfani a Jamus, Leica, wanda ya yi suna saboda wannan. Kyamararsa mai suna M3, ta 1954, da ƙyalle aka yi ƙyaurenta, motsinta a hankali, kusan ba a ji. Irinta ba ta da madubin nan mai tashi da faɗuwa a ciki. Mai ɗauka yakan leƙa ta wata 'yar taga ya ga siffa biyu, ya yi ta murzawa har su haɗu su zama ɗaya, watau awon nisa ya yi daidai.

A 2006 kamfanin ya fito da M8, wadda ba ta cin fim, sai lantarki. Ƙyaurenta na ƙarfe ne, yana iya buɗewa ya rufe cikin kashi ɗaya daga 8,000 na sakan. Sauri kam ba a magana. Amma yana da ƙara, ga wani ɗan inji da ke sake ɗana shi bayan kowane hoto, shi ma da tasa. Masu saye suka yi ta gunaguni. Sai a 2008 kamfanin ya ce duk mai so ya aiko da tasa a sa mata sabon ƙyaure marar ƙara, mai ƙarancin girgiza, amma fa da kuɗinsa. Sabon kuwa saurinsa rabin na dā ne, kashi ɗaya daga 4,000. Ka biya, a ba ka shiru, a karɓe maka sauri.

Na san ba mai sayen irin wannan kyamara a ƙasarmu, don kuɗinta ya fi na bijimi. Amma shari'ar da ke ciki tamu ce. In ka sayi jaki a kasuwar Shinkafi, daga baya wata ɓoyayyar cuta ta bayyana wadda yake da ita tun a hannun mai shi, malamai sun ce kana da ikon mayar da shi. In kuwa jakin lafiyayye ne, kai ne kake son wanda ya fi shi, sai ka yi ciko.

Kamfanin ma ya san wannan bambanci. M8 ɗin tana da wani aibi dabam: baƙin yadi, musamman na roba, yakan fito a hoto kamar an tsoma shi a garura. Wannan ba gardama, kuma sun ba masu saye gilashin tace haske guda biyu kyauta. A kan ƙyaure ne suka tsaya, don a ganinsu kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa, ƙarar kuwa ba a ɓoye take ba, dannawa ɗaya za ka ji ta.

Hujja ce, amma ni ba ta gamsar da ni ba. Wanda ya je wurin maƙerin da ubansa ya saba sayen fartanya, ba ya tsayawa gwada ƙarfe, sunan gidan ya saya. Mutanen nan shekara hamsin suna sanin Leica da shiru, shi suka zaci sun biya tun farko, sai ga shi ana sayar musu da shi karo na biyu.

Cikin 2008 ɗin aka fito da M8.2, da ƙyauren nan marar ƙara a cikinta tun daga ma'aikata. Waɗanda suka biya ladan gyara ba su gama more shi ba, a watan Satumba na 2009 aka fito da M9.