Wata Huɗu a Gida Mai Taya

A ƙasar Amurka akwai wata irin mota wadda aka ƙera domin mutane su zauna a cikinta kamar gida. Tana da gado, da murhu, da firij, da wurin wanka, da makewayi, duka a bayan kujerar direba. Kamfanin Winnebago na jihar Iowa ya fara ƙera irinta a shekarar 1966, kamfanoni da yawa kuma suna yi. Yawancin masu ita sukan fita da ita hutu ne kawai, amma akwai waɗanda ba su da wani gida sai ita. A cikin irin wannan mota na zauna daga ƙarshen Nuwamba 2022 zuwa Maris 2023. Ina so in ba ku labarin zaman, musamman ku 'yan'uwana mata, gama a kan aikin gida zan fi yin magana.

Haihuwa ce ta kai ni. 'Yata ta fari ta sami ɗa namiji, tun da yake ba ta iya zuwa gida wanka ba, sai ni na bi ta. Mijinta ma'aikacin jinya ne, irin waɗanda asibitoci sukan ɗauka aikin mako 13, in wa'adin ya cika su nemi wani asibiti a wani gari. Kama haya kowane wata uku yana cin kuɗi, saboda haka suka sayi tsohuwar mota, suna tara abin da ya ragu domin su sayi gida. Na same su a garin Yuma, cikin jihar Arizona, a wani fili inda ake biyan kuɗin wata a ajiye irin waɗannan motoci jere da juna. Tsawon gidan namu wajen mita 9, faɗinsa mita biyu da rabi. A nan manya uku da jariri muka zauna.

Aikin safe na fari shi ne naɗe gado, gama gadona shi ne teburin cin abinci. Da dare a sauke teburin a shimfiɗa katifa, da asuba a naɗe a ɗaga shi, in ba haka ba, ba wanda zai karya kumallo. Sa'an nan a ɗauki tsumma a share tagogi, domin numfashin mutane da tururin abinci sukan zama raɓa a jikin gilashi da daren sanyi, in an bar ta kuwa bango ya yi funfuna. Shara ba ta kai minti biyar ba, amma sau uku ake yinta a yini, gama ƙurar hamada ba ta jin kunyar shiga.

Maganar ruwa ita ce babba. Motar tana da tanki uku a ƙarƙashinta. Ɗaya na ruwa mai tsabta, yana cin lita 150 ko kusa da haka. Na biyu yana tara ruwan wanka da na wanke-wanke. Na uku na makewayi ne. A filin haya akwai famfo da ake haɗa tiyo da shi, amma tukunyar ɗumama ruwa lita 23 kaɗai take ɗauka. Ku da kuka san wankan jego, ku auna wannan da tukunyar da mukan ɗora a kan itace safe da yamma. Da na tambayi inda zan hura wuta, 'yata ta yi dariya ta ce, "Inna, ai nan ko ashana sai an yi lissafi." Muka daidaita a kan bokiti ɗaya mai ɗumi da safe, ɗaya da yamma. Ban damu ƙwarai ba, gama tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka nuna cewa tsananin zafin jego da kunun kanwa mai yawa suna iya raunana zuciyar mai jego. Ta warke sarai.

Tankin makewayi kuwa aikin surukina ne, bai taɓa barin wani ya taɓa ba. Ba a barin bakinsa a buɗe, sai ya kusa cika, domin ƙarfin ruwan ya kwashe kome. Ran da ba ya aiki yakan sa safar hannu ta roba, ya haɗa wani ƙaton tiyo da ramin da aka tanada, ya fara buɗe na makewayi, daga baya ya buɗe na wanka domin ruwan sabulu ya ɗauraye tiyon. Na ga mutumin da ya kwana a tsaye kan marasa lafiya yana wannan aiki ba tare da ɓata fuska ba. A ranar na san irin mijin da 'yata ta samu.

Murhun na iskar gas ne, baki uku, kusa da juna har tukunyar tuwo da ta miya ba sa zama tare sai an yi dabara. Garin masara yana samuwa a kanti, kuka da daddawa kuwa sai a kantin kayan abincin Afirka. In ana tuƙa tuwo tilas a buɗe tagar rufi, in ba haka ba na'urar jin hayaƙi ta yi ta ihu ta ta da jariri. Akwai kuma wata na'ura mai jin mugunyar iska wadda ba ta da wari, irin wadda wuta ke fitarwa a rufaffen wuri. Saboda ita ba a taɓa kunna murhu domin jin ɗumi da dare. Firij ƙarami ne, cefane sai na kwana uku uku. Wanki kuma sai a kai ɗakin injuna a zuba sulalla, gama a filin da muke ba a yarda da igiyar shanya ba. Na yi kewar rana a jikin zane.

Abin da ya fi mini nauyi shi ne kunya. A gida suruki da surukarsa ba sa cin abinci wuri ɗaya, ba sa haɗa ido. To, yaya za a yi a ɗakin da in mutum ya yi tari kowa ya ji? Shi ne ya samo hanya. Ya rataye labule mai kauri a tsakiya. In ya dawo aiki sai ya ƙwanƙwasa ƙofar gidansa na kansa, ya tsaya a waje ya ce, "Mama, barka da gida, in shigo?" Abincinsa yakan ci a kujerar direba ya juya mana baya. In zai yi wanka, ni kuma sai in goya angona mu fita zagaya. Ba wanda ya zauna ya tsara wannan da baki, amma har na tafi ba mu taka shi ba.

A watan Janairu muka je garin Quartzsite, wajen kilomita 130 arewa da Yuma, inda dubban masu irin wannan mota suke taruwa a hamada kowane hunturu. A wasu filayen gwamnati na wurin mutum yana iya zama kyauta har kwana 14. Ba famfo, ba lantarki, sai abin da ka zo da shi da abin da farantin hasken rana ya tara a batir. Kwana huɗu muka yi. Nan ne ilmin macen da ta girma da randa ya yi rana: na nuna musu yadda ake wanke kwanuka da kwano biyu na ruwa, a kuma zuba ragowar a makewayi.

A can na ga mutane iri biyu, yawancinsu masu furfura. Wasu sun sayar da gida da son ransu bayan sun yi ritaya, suna bin ɗumi zuwa kudu da hunturu, su koma arewa da zafi. Wasu kuwa tilas ce ta fitar da su, ko dai sun rasa gida a rikicin bashin gidaje na 2008, ko haya ta fi ƙarfin fanshonsu. Irin waɗannan sukan bi aikin lokaci lokaci, kamar girbin gwozar sukari a jihar Dakota ta Arewa cikin watan Oktoba. Mutanen kirki ne, masu saurin ba da aron kayan aiki. Amma maƙwabcin yau, jibi ya ta da mota.

A Fabrairu muka ƙaura zuwa El Paso a jihar Teksas, tafiyar kusan kilomita 900. Ranar tashi kowane kwano sai an ɗaure shi, kowace ƙofar kabad sai an kulle, a rufe gas, a cire tiyo da waya. Surukina ya tuƙa babbar, wadda ta sha mai fiye da lita 200, mu da jariri muka bi a ƙaramar mota. Da isa, kafin a sha ruwa, sai an sa katako ƙarƙashin tayoyi an daidaita motar, gama irin firij ɗinta yakan lalace in ya yi aiki a karkace.

Yanzu ga abin da na gani. Zaman nan yana da amfani ga sabbin ma'aurata. Ba wurin tara tarkace, ba ɗakin da mai fushi zai shiga ya rufe, ba aikin da za a ce na mace ne kaɗai, gama in ɗaya ya yi ƙiwa, kafin dare gidan ya tsaya. Amma yaro yana bukatar abin da mota ba ta ɗauke da shi. Yana bukatar tsakar gida, da sa'o'in wasa da zai girma tare da su, da tsohuwar maƙwabciya wadda ta san uwarsa, wadda za ta tsawata masa in ya yi ba daidai ba. Mu mun ce ɗa na kowa ne, amma sai in akwai kowa ɗin. Na faɗa musu wannan a fili kafin in taso, na roƙe su kada tara kuɗi ya ja su har yaron ya isa makaranta. Surukina ya sunkuyar da kai ya ce, "Mun ji, Mama."

Ku da kuke da 'ya'ya a ƙasashen waje, in kun yi magana da su kada tambayarku ta tsaya kan albashi. Ku tambaye su inda suke kwana, da wanda zai ƙwanƙwasa musu ƙofa in kwana biyu ba a ga motsinsu ba.