Ƙanena da ganin biyu-biyu

Tun da aka hana acaɓa shiga tsakiyar Abuja a 2006, sana'ar ta tattaro ta dawo Nyanya da Karu da Kubwa, kuma yawanci yaranmu ne a kan baburan. In an faɗi, karaya da jini muke dubawa. In babu su sai a ce Allah ya kiyaye, a tashi.

Haka aka yi wa ƙanena da damina, ya buga ƙeya a kwalta, babu hular kwano. Bayan kwana biyu ya ce, “Yaya, komai biyu nake gani, ɗaya a kan ɗaya.” Ya soma karkatar da kai zuwa kafaɗa guda. Maƙwabta suka ce iska ce, wata gwaggonmu ta aiko da kwalli.

A asibiti aka ɗauki hoton kansa, babu jini a ciki. Likitan ido ya rufe masa ido ɗaya, biyun nan take ta koma ɗaya. Ya ce idon lafiyarsa ƙalau, jijiyar da ke juya shi ce ta bugu. Jijiyoyi uku ke wannan aiki, ta 3 da ta 4 da ta 6. Ta 4 ita ce mafi siranta, shi ya sa bugun kai ke saurin taɓa ta, kuma aikinta ya fi bayyana in mutum ya duba ƙasa. To, a nan wahalar take: karatun Alƙur'ani, saukowa daga gadar Nyanya, har kai loma baki. In kuwa fatar ido ta sauko, baƙin idon ya buɗe, mutum na ta gyangyaɗi, wannan na gaggawa ne, ba a kwana da shi a gida.

Maganin ƙanena jira ne. Likita ya ce sai an yi wata 6 ko fiye kafin a yi zancen tiyata, don sau da yawa jijiyar kan farfaɗo da kanta. Aka manna masa leda a gilashin tabarau guda. Shi kuwa so yake ya koma kan babur da ido ɗaya, ga mai babur na jiran balas. Na ɓoye makulli, don ido ɗaya ba ya auna nisan mota daidai. Mun yi sati ba ya gaishe ni.

Yanzu wata na biyar ke nan. In ya duba gaba ɗaya yake gani, ƙasa ce da saura. Yana tsaron shagon wani ɗan garinmu a kasuwar Karu, kuma wata mai zuwa za mu koma a sake auna shi.