Kwana Huɗu A Ƙarƙashin Mota

Masu iya magana kan ce, amfanin ilimi aiki da shi. Mun shekara goma sha biyar muna nanata wa ɗalibai wannan karin magana a cikin aji, amma ba mu san nauyinta ba sai a daminar 2022, lokacin da muka sami kanmu kwance rigingine a ƙarƙashin mota, man giya yana ɗiga mana a gemu.

Motar da ake magana a kanta ita ce Subaru Impreza WRX, ƙirar 2003, tokunbo daga Amurka. Abokan aiki sun sha tambayarmu abin da ya haɗa malamin adabi da motar tsere. Amsar tana can cikin ƙuruciya. A 1995, muna 'yan sakandare, muka ga hoton wata shuɗiyar mota a mujalla ta yi tsalle a kan hanyar burji, ƙura na tashi a bayanta. A wannan shekara ce Colin McRae, mutumin Sikotilan, ya zama zakaran tseren motoci na daji na duniya da irin wannan mota, kamfanin kuma ya riƙe kambin masu ƙira shekara uku a jere, daga 1995 zuwa 1997. Hoton nan bai bar zuciyarmu ba har ranar da muka mallaki tsohuwar 'yar'uwarta.

Wajibi ne mu ɗan yi bayanin ƙirarta, domin a nan wahalar take. Injinta mai silinda huɗu ne a kwance, biyu a dama biyu a hagu, yana ba da ƙarfin doki 227. Wannan ƙarfi ana raba shi ga tayoyi huɗu duka, saɓanin yawancin ƙananan motoci da ke ja da tayoyi biyu kawai. Shi kuwa kuloci, faifai ne wanda faɗinsa bai wuce na faifan rufe ƙwarya ba, yana zaune tsakanin inji da giyabos, wani murfi mai sifirin yana danne shi a jikin babban faifan ƙarfe na bayan inji. In direba ya taka, murfin ya saki, inji ya rabu da giya. In ya ɗaga ƙafa, su sake haɗuwa. A duk irin wannan haɗuwa faifan yana ɗan goguwa, don haka tun asali an yi shi ne domin ya cinye a madadin sauran. A mota mai jan taya huɗu lamarin ya fi tsanani, domin in aka fizge ta da ƙarfi tayoyin ba sa sulɓi, sai sulɓin ya koma kan kuloci.

Ba za mu ɗora wa kowa laifi ba. Mu ne muka riƙa fizgar ta don jin daɗi, mu ne kuma muka saba ɗora ƙafa a kan kuloci a cikin cunkoson garuruwan nan na Kudu. Wata rana muna hawa gada a giya ta huɗu, muka taka totur, inji ya yi ƙara amma gudu bai ƙaru ba, sai ƙaurin ƙuna ya cika motar.

Wannan ya faru ne a tsakiyar yajin aikin malaman jami'o'i, wanda aka fara a watan Fabrairu aka janye a watan Oktoba na 2022. Albashi ya tsaya, ga hutun yara saura mako uku ya ƙare, makarantarsu kuma ba kusa take ba. Muka nufi garejin wani dattijon bakanike, mutumin Arewa da ya daɗe a nan. Ya saurari inji, ya faɗi kuɗin aiki, sai muka ga ya zarce kuɗin kayan kansu. Ranmu ya ɓaci. Muka ce da shi, "Haba Baba, ɗan wannan faifan?" Bai yi musu ba, ya ce, "Dakta, faifan ba shi da tsada. Hanyar zuwa wurinsa ce mai nisa." Muka ɗauki maganar a matsayin irin ta 'yan kasuwa, muka yi sallama.

A daren nan muka yanke shawarar yin aikin da kanmu. Hujjarmu ita ce, wanda ya iya warware ƙulli a cikin tsohuwar waƙar ajami ba zai kasa bin littafin gyaran mota ba. Uwargida ta ce, "Malam, kowa da kiwon da ya karɓe shi." Ba mu saurara ba. Muka sauko da littafin gyara daga intanet, muka tafi kasuwar Ladipo ta Legas muka sayo sabon faifai da murfinsa da boris guda biyu, da kuɗin da ya kai rabin abin da ya rage mana a asusu. Mataimakinmu shi ne babban ɗanmu, mai shekara goma sha biyar.

Kwana biyu na farko sun tafi ne a kwance-kwance. Muka cire kan batir, muka ɗaga motar muka ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe huɗu, domin ko jahili ya san ba a shiga ƙarƙashin mota a kan amanar jak kaɗai. Muka sauke na'urar sanyaya iska da ke kwance a saman inji, muka cire sitata, muka tsiyaye man giya. Daga nan muka kwance salansa, wanda notinansa suka yi tsatsa har sai da muka jiƙa su da mai suka kwana. Muka zare doguwar farfela mai kai ƙarfi ga tayoyin baya. Muka fitar da ƙusoshin da ke riƙe da shaf biyu na tayoyin gaba, waɗanda su ma daga cikin giyabos ɗin suke fitowa. A nan muka fara fahimtar maganar nisan hanya: ƙarfi yana fita daga wannan giyabos ta ƙofa uku, kuma sai an kwance ukun kafin ya motsa. Kowane noti muka cire sai yaron ya sa shi a leda ya rubuta inda ya fito.

A rana ta uku muka tallafi giyabos da jak, muka kwance dukan notinan da suka haɗa shi da inji, muka ja. Ya buɗe kamar faɗin ɗan yatsa, ya tsaya cik. Muka girgiza, muka sake ƙirga notina, muka koma littafi. Littafi ya ce ya kamata ya fito. Tun hantsi har la'asar muna abu ɗaya, ga ruwan sama ya kece, ga ƙarfe wanda ya fi buhun siminti nauyi yana reto a saman ƙirjinmu. Da haƙuri ya ƙare muka ɗauko ƙaton ƙarfe za mu ɓanɓare shi da ƙarfin tsiya. Yaron ne ya riƙe mana hannu ya ce, "Baba, in ya karye fa, da me za mu sayi wani?" Ba mu da amsa.

Kiran dattijon nan ya fi mana dukan aikin wuya. Washegari da safe ya iso a kan acaɓa. Bai ambaci abin da ya wuce ba. Ya karɓi takardunmu ya duba hotunan, domin ba ya karanta Turanci, ya yi murmushi ya ce, "Dakta, ai wannan littafin ƙanwarta ne." Ashe na ƙirar da ba ta tsere ba muka sauko da shi. A waccan, boris yana tura murfin kuloci ne, don haka da an ja giyabos sai ya fito. A tamu kuwa jawo murfin yake yi, yana sarƙe a cikinsa, wani ƙarfe mai baki biyu kamar gwafa kuma yana riƙe da shi daga ɓangaren giyabos. Muddin ba a saki gwafar ba, babu rabuwa. Ya nuna mana wata 'yar toshiya kusa da mazaunin sitata, muka kwance ta da makulli mai kusurwa shida na milimita 10. Ya miƙo wani siririn noti na milimita 6 daga aljihunsa, muka ɗaura shi a kan sandar da gwafar ke juyawa a kanta, muka zaro ta. Aikin bai kai minti biyar ba, giyabos ya sulluɓo baya.

Kunya ta kama mu ta fuska biyu. Mu ne kullum muke gargaɗin ɗalibai da su tabbatar da bugun da ke hannunsu kafin su yi sharhi, ga shi mun gina kwana uku a kan kofin da ba shi ba. Ta biyun ta fi zafi. Mun ɗauka ƙarfin damtse kawai bakanike yake sayarwa, alhali kuwa abin da ya yi mana farashinsa sani ne, wanda ya tara a shekaru masu yawa na kwanciya a ƙasa. Da ɗalibi ya raina shekarun da muka yi a kan digirinmu kamar yadda muka raina nasa, da ba mu yafe masa da wuri ba.

Dattijon ya ƙi taɓa sifana. Ya ce aikinmu ne, mu ƙarasa abinmu. Ya zauna a kujera yana ba da umurni. Tsohon faifan ya cinye har kan ƙusoshinsa sun fito. Muka goge faifan bayan inji tas, muka sauya ƙaramin boris na tsakiyarsa, muka daidaita sabon faifai da sandar roba don ya zauna a cibiya, muka ɗaure notinan murfi kaɗan-kaɗan, wannan sannan na daura da shi. Mayar da giyabos sai da muka nemi hannun maƙwabta biyu, malamin lissafi da direban makaranta. Da komai ya zauna, dattijon ya ce mu tura gwafar. Muka ji ƙas, boris ya shige gurbinsa. Da magariba muka tayar da mota, giya ta shiga ba gardama.

Da zai tafi muka miƙa masa cikakken kuɗin da ya faɗa da farko. Ya ƙirga, ya ɗauki sulusi ya maido mana saura, ya ce in an biya albashi ma yi magana. Ya kuma gargaɗe mu da mu lallaɓa motar na kilomita 800 kafin mu sake yi mata ƙuruciya.

Ba muna hana kowa gwada irin wannan aiki ba ne. Wanda ke da wuri mai shafe, da kayan aiki, da littafin da ya dace da ƙirar motarsa, zai iya. Sai dai ya nemi wanda ya riga shi sani tun kafin ya kwance noti na farko, ya kuma biya shi hakkinsa ba tare da ciniki irin namu ba. Mun biya sauran kuɗin dattijon bayan an koma aiki. Notin nan na milimita 6 kuwa ya bar mana shi, yana nan a cikin aljihun teburinmu na ofis tare da jan biron da muke duba takardun ɗalibai.