Sharhin Fim a Fada

A Tajaye, da kunne muka fara kallon fim. Wanda ya je Ƙonni ko Tawa ya shiga silima, in ya dawo bashi ne a kansa: sai ya zauna a fada da dare ya kawo labarin tun daga rubutu har zuwa mutuwar bos. Akwai gwanayen da in suna ba da Sholay, fim ɗin 1975, har muryar Gabbar Singh suke yi, da ƙarar dawaki da ta jirgin ƙasa. Ba wanda yake jin Indiyanci a cikinmu, amma ba wanda ya taɓa cewa bai gane ba.

Da bidiyo ta zo, kaset ya riƙa tsallako iyaka daga Illelar Sakkwato zuwa Ƙonni, ya iso mu. Rumfar zana, janareta, tele guda a kan tebur, dala biyar kuɗin shiga. Kallon dai awa uku ne, gardamar kuwa mako guda. Nan na kamu da sharhi, kuma har yau bai sake ni ba. Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, ba a ja. Abin da ake ja a kai shi ne ko waƙa ta zo a gurbinta ko cusa ta aka yi, ko jarumi ya cancanci yarinyar, ko mai fim ya yi wa uwar adalci. Wani dattijon tela da ke zama da mu yana da ma'auni guda: in ka iya faɗin ƙarshen fim kafin shayin farko ya nuna, to mai shi bai yi aiki ba. Na karanta masu sharhi da yawa daga baya, ban ga wanda ya fi shi tsanani ba.

Sai finafinan Kano suka shigo, daga Turmin Danya na 1990 zuwa Sangaya da Wasila, gardama ta sake fuska. Yanzu muna jin kowace kalma, don haka ba uzuri. Mujallar Fim, wadda ta fara fita a 1999, kwafi guda kan zagaya hannu har bangonsa ya tsinke.

Abin da ke damuna shi ne wannan. Duk shekarun nan Mustapha Alassane yana zaune a Tawa, babban birnin jiharmu, yana haɗa finafinai da hannunsa, mu ko ba mu taɓa sa shi a faifai ba. Haka ma Oumarou Ganda: shi ne ya fara cin babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972 da Le Wazzou polygame, amma masu rumfar bidiyo ba su da kaset ɗinsa. Sai bayan rasuwar Alassane a 2015 na ga fim ɗinsa Kokoa, inda kwaɗi ke kokawa a fili da makaɗa da 'yan kallo, tamkar gasar takobi da muke bi a rediyo.

A cikin finafinan Alassane, wanda ya fi tsaya mini shi ne Le Retour d'un aventurier na 1966. Saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi garinsu. Shekaru kafin bidiyo ta iso Tajaye, mutumin nan ya riga ya ga yadda fim ke shiga jikin yaran ƙauye ya sauya musu tafiya da suna. Mu ne a ciki, mu da muka riƙa kiran junanmu da sunayen jaruman Indiya, Amita da Mitun, a hanyar gona.